Ƙusa Mai Hula

Daren Talata hadari ya haɗo daga gabas,
ta bayan fadamar Bunza, baƙi ƙirin.
Ruwa bai fi ɗigo uku ba;
iska ya aiko ta yi masa aikin.
Muka kwana da garam-garam bisa kanmu.
Na ce wa Tumba, "Kwanta, na maƙwabta ne."

Gari ya waye, ga fallen kwano
kwance tsakar gida, gefen turmi,
ya naɗe kamar tabarmar baƙo mai sammako.
Na ce, "Allah sarki Nomau!
Tun bara nake ce masa rufinsa ya tsufa."
Na ɗora a ka, na kai masa har zaure,
jaje a bakina,
can ciki kuwa ɗan daɗi,
daɗin wanda ya faɗa aka ƙi ji.

Nomau ya juya fallen, bai ce uffan ba.
Da haɓa ya nuna mini:
shuɗin fenti, zanen ƙafar kaza,
alamar da mahaifina ke yi wa kayansa
tun daga buhu har ƙotar galma.

An ce laifi tudu ne.
Rufi ya fi shi:
kana zaune ƙarƙashin naka,
na wani kaɗai idonka ke kaiwa.

Na dawo ina karanta gidana
kamar wasiƙar da ta shekara cikin aljihu.
Ƙusa mai hula a gindin randa,
wata a ƙofar ɗaki, inda Ige ke rarrafe,
tsatsa ta cinye wuyanta.
Indararo ya sunkuya kamar mai neman gafara.
Da rana tsaka na rufe ƙofa da taga,
na ɗaga kai:
taurari bakwai cikin ɗakina,
alhali ko azahar ba a kira ba.
Jikin bango, tabon ruwa ya ja gulbinsa
tun wata damina, ni ina ce masa datti.
Na soka basilla cikin katakon kusurwa,
gari ya zubo. Gara ta riga iska zuwa.

Tumba ta ce a aza bulo da tsohuwar taya,
haka kowa ke yi.
Arzika kafinta ya ajiye tsani, ya girgiza kai:
"Dutse bisa rufi bashi ne,
iska mai zuwa kan yaro za ta biya shi."
Ya hau a hankali, yana bin layin ƙusa,
ba ya taka tsakiya.
Daga sama yake magana, ƙusoshi a bakinsa:
"Iska ba ta da hannu, Malam Tunau,
kunne take nema.
Ka bar mata lungu ɗaya a ɗage,
ta nan za ta ja gidan duka."

Katako biyu ya fidda, biyu suka shiga.
Ya ɗaure su da waya har cikin bango.
Ƙusa bisa tudun kwano, ba cikin kwari ba,
don kwari hanyar ruwa ce.
Taurarina bakwai ya kashe su da kwalta.
Buhun shinkafa guda ya tafi kasuwa bai dawo ba,
wanda na ce ba zan taɓa ba sai Sallah.

Wa ya riƙe tsani tun hantsi har la'asar?
Nomau.
Ko sau ɗaya bai yi murmushi ba,
abin da ya fi dariya ciwo.

Juma'a ruwa ya sauka da gaske.
Na kwanta ido biyu, kunne a sama,
ba garam, ba ɗis,
sai ruwa na ta surfe bisa kwano.
Tumba ta yi barci. Ige ta yi barci.
Na laluba aljihun rigata,
ƙusar nan mai ruɓaɓɓen wuya tana nan.

Rufin Nomau kuwa, mai tsufa,
ko falle bai motsa ba.